Ranar da Na Ce wa Inna Makka Tana Matsawa

Shekarun baya, lokacin da na fara koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a nan Dutse, bakina ba ya shiru. Duk abin da na koyar da safe sai na dawo gida na maimaita shi da yamma, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Lokacin mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, mahaifiyata, da muke kira Inna, fitarta takaba ke nan.

Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida, na nuna mata duwatsun bayan unguwarmu na ce, "Inna, kin san waɗancan a da narkakku ne a can ƙarƙashin ƙasa?" Ta ce, "Allah mai iko." Shi ke nan na samu ƙofa. Na ce ai ƙasar nan da muke takawa ba a dunƙule take ba, ɓawo ne a tsattsage, manya-manyan ɓangarori, kowanne yana tafiya a hankali. Inda suka yi karo tsauni ya tashi, inda suka rabu teku ya shiga. Don in burge ta na ƙara da cewa, "Bahar Maliya ma faɗi take ƙarawa. Ƙasar Makka matsawa take daga gare mu."

Rariya ta tsaya cak a hannunta. Ni ko a jikina, na miƙe na shige ɗaki.

Daga nan Inna ta daina cin abin kirki. Na ɗauka kewa ce. Sai da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Miga, suka gana da Inna, ta fito ta tare ni a bakin madafa. "Ke, me kika faɗa wa uwarki? Wai boko ya ce kabarin yayana ya bar alƙibla?"

Na shiga wurin Inna na durƙusa. Inna ba ta ko dube ni ba ta ce, "An kwantar da babanku a ɓarin dama yana kallon gabas. Mu masu rai, in Makka ta matsa ma juya dardumarmu. Shi wa zai juya shi?"

Wallahi tausayinta ya kama ni. Amma ban janye maganata ba, don gaskiya ce, rabi dai na faɗa. Na cika daro da ruwa, na sa sakaina biyu a kai, na ce wannan mu ne, waccan Makka. Na tura waccan gaba da ɗan yatsa. "Kin gani? Kusan can inda muke kallo take ƙara yi, nisa ne kawai ya ƙaru. Kuma tafiyar ba ta wuce yadda farcenki yake tsiro ba. Jikokin jikokinki ma ba za su karkata darduma ba."

Goggo ta dubi farcenta, ta dube ni. "Au! A kan wannan aka hana baiwar Allah cin tuwo? Ke dai an yi 'yar surutu."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta taɓa sakainar tamu. "Da makabartar da gidan nan, duk a kan guda ɗaya suke?"

"Ɗaya, Inna. Da masallaci, da duwatsun, har Kano."

"To in an kai ni can, tare za mu riƙa tafiya ke nan."

Na ce, "Tare."

Ta gyara zama, ta ce Goggo ta dama mata fura.

Har yau ina koyar da darasin nan, ban rage ko harafi ba. Sai dai na koyi kai magana ƙarshenta, don ban san wanda mai saurarona ya binne ba. Inna tana can makabartar yanzu, ba nisa da mahaifinmu. In na wuce ta wajen nakan yi musu addu'a, kuma ba na jin an tafi an bar ni. Duk inda ƙasar nan ta nufa da su, har da ni take tafiya.