Sunan da ya shiga jirgin Sawakin

Kakana na wajen uwa ya bar gida da niyyar aikin Hajji a ƙasa, mahaifiyata tana goye. Saƙonsa na ƙarshe daga Sawakin ya zo, a gaɓar Bahar Maliya, cewa yana jiran jirgin ruwa. Daga nan shiru. Tambayar da mahaifiyata ta tsufa da ita guda ce: ya sauka Jidda, ko teku ta cinye shi?

Aikina a Deira, wata unguwar fatauci ta bakin teku a ƙasar waje, shi ne adana takardun wani kamfanin kago, wato jigilar kaya. Kowane kwali da ya bar hannunmu yana da lamba da mai shi da ranar isa. Saboda haka na ɗauka cewa mutum sukutum ba zai ƙetare teku babu wanda ya rubuta shi ba. Idan na hau abra, kwalekwalen fito, da yamma nakan ƙura wa manyan jiragen ruwa na katako ido, ina kintatar inda matafiyi zai zauna, da inda ake ajiye ruwan sha.

Wani abokin aikina Basudane, wanda kakanninsa Hausawa ne da hanyar Makka ta ajiye a can, ya samo mini hotunan rajistar alhazan da aka tsare don duba lafiya kafin su sauka Jidda. Wasu shafukan sun ɓata mini rai ƙwarai, domin adadi kawai aka sa, aka rubuta "Takari", sai ka ce buhunan dawa. Wasu kuwa da sunaye da garuruwa. Na bi su layi-layi ina neman sunan da na sani, ban gan shi ba.

Abokin ya leƙo, na faɗa masa sunan, ya yi dariya. "Habibi, wannan ai laƙabi ne. Wa ke ba ma'aikacin gwamnati laƙabinsa?"

Na kira mahaifiyata.

"Hajiya, mene ne sunansa na yanka?"

"Kai ma dai! A bakin wa zan ji? Inna ta faɗi sunan mijinta? Iyayensa ma ba sa faɗa, sunan kakansa ya ci."

Kunya ce ta rufe sunan har ya ɓace, kuma duk wanda ya san shi ya riga mu gidan gaskiya.

Na gaya mata gaskiya: akwai shafin da ya nuna mutanen garinmu sun sauka Jidda a wajajen lokacin, amma ba zan ce yana cikinsu ba, tun da ba ni da hujja.

"Karanto mini su."

Na karanta a hankali. Bayan kowane suna takan ce Allah ya jiƙansa. A kan wani ta ce in maimaita. Na maimaita.

"Kin san shi ne, Hajiya?"

"A'a. Ina dai jin yadda yake a kunne. Ci gaba."