Ɗakin da Abokina Ya Toshe a Landan

Shekarun baya masu nisa, zamanin da kuɗin fetur ya fara kwararowa ƙasarmu, gwamnati ta turo mu Landan kwas na ma'aikata. Fetur ɗin da ya ɗaga mu kuwa shi ya durƙusar da masu masaukinmu. Mai ya yi tsada, masu haƙar kwal suna rigima da gwamnati, ana ɗauke wuta unguwa-unguwa. Na baro Kano ina zaton Bature bai san duhu ba, sai ga ni a unguwar Camberwell ina bin layin sayen kyandir, sanye da wando biyu.

Mu uku 'yan kwas muke haya a wani tsohon gida: ni, da abokina Bazazzagi, da wani ɗan Hong Kong da ya girme mu. Ni na riga na yi karatu a Sudan da Faransa, na ɗan san hunturu. Abokina wannan ce fitarsa ta farko, kuma sanyi ya tsane shi. Ina tsokanarsa, "Ina taƙamar da kuke yi da sanyin Zariya?" Sai ya ce, "Rufe mana baki, Bakano. Wannan ba sanyi ba ne, azaba ce aka ɗebo mana tun a duniya."

Da ɗauke wuta ta yi yawa, sai ya sayo hita mai kananzir. Bai tsaya nan ba. Ya cusa jaridu a bututun tsohon murhun ɗakin, ya bi tagar da tsumma ya toshe kowace kafa, ya danna tawul a ƙarƙashin ƙofa. Na ce masa wuta tana son iska. Ya ce, "Inna da kaskon garwashi take kwana tun ba a haife ni ba, ga ta nan garau." Na ce ɗakin Inna asabari ne a ƙofarsa, iska na shiga tana fita. Ya ce in bar masa turancin banza.

Sai ciwon kai ya fara. Kullum ya tashi da nauyin kai da jiri, wani lokaci har da amai. A lissafinsa sanyi ne ya shige shi, kamar yadda muke cewa a gida. Saboda haka duk ranar da kan ya tsananta, sai ya ƙaro lagwani, ya nemo wata kafa ya toshe.

Wata Lahadi muka hau ɗakinsa cin shinkafa. Ɗan Hong Kong ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iskar, ya faɗi wasu kalmomi huɗu da harshensu. Muka ce ya fassara. Ya ce, "Shan dafi don kashe ƙishirwa."

Muna ci yana ba mu asalin maganar. Ya ce mutanensu na da sun yi imani da wani tsuntsu mai cin macizai, wanda idan aka tsoma gashinsa ɗaya a giya, duk wanda ya kurɓa ya tafi. A zamanin daular Han ta ƙasar Sin aka zargi wani ma'aikaci da sauya umarnin sarki, laifin da hukuncinsa kisa ne. Ɗan 'yar'uwarsa ya kai kuka ga babban kwamandan fada. Hujjarsa ita ce kawunsa mutum ne mai hankali, kuma mai hankali ba ya yin abin da ya yi kama da shan giyar tsuntsun nan don yana jin ƙishi, tun ba ta kai ciki ba ta gama da shi. Hujjar ta karɓu, aka saki kawun.

Abokina ya yi dariya har ya ƙware. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Gaya wa malamin nan hankalinsa ya kwanta, ni ba na shan giya."

Ɗan Hong Kong bai yi dariya ba. Ya tashi da kansa ya zare tsumman tagar. Abokina ya bar ta haka 'yan kwanaki don kunyarmu, kan kuma ya yi sauƙi. Sai ƙanƙara ta zuba.

Ranar ban gan shi a tashar bas ba, ban gan shi a aji ba. Da azahar muka dawo muka buga ƙofa, shiru. Da muka samo makulli ma ƙofar ta ƙi turuwa, tawul ɗin ya riƙe ta. Muka sa kafaɗa. Yana kwance cikin bargo da safa a ƙafarsa, kamar mai barci. Kananzir ya ƙare, hitar ta mutu, gilashin taga ya jiƙe sharkaf, an mayar da tsumman wurinsa. Likita ya ce iskar ɗakin ce ta kashe shi.

A wata maƙabarta a bayan gari muka binne shi, mu 'yan Arewa da ba mu cika sahu biyu ba. Ɗan Hong Kong ya tsaya can gefe da hularsa a hannu har muka gama.

Na zaga ƙasashe bayan nan, kuma duk inda na je na tarar da 'yar'uwar wannan magana. Mu muna cewa gudun gara, an faɗa gidan zago. Larabawa suna da mai gudun zafin rairayi ya fake da wuta. Amma ta mutanen Sin ta fi ba ni tsoro, domin mai shan nasu ya san abin da ke cikin ƙoƙon. An faɗa masa. Kuma asalinta hujja ce cewa mai hankali ba zai sha ba. Abokina ya fi ni hankali, shi yake zuwa na ɗaya a ajinmu. Wanda ya kawo hujjar nan bai san inda ƙishi yake kai mutum ba.

Da na koma gida na je Zariya ta'aziyya. Mahaifiyarsa ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba ta tambayi abin da likita ya ce ba, ba ta tambayi inda kabarin yake ba. Bayan mun yi addu'a ta ce, "Ɗan nan, tun yana goye ba ya son sanyi. An ce ƙasar ƙanƙara ce. Ya sha wahala ko?"

Na ce, "A'a, Inna. Ɗakinsa ya fi na kowa ɗumi."

Ta ce, "To, alhamdulillahi."