Ranar da Firdausi Ta Yi Telifot

Damina ce, gero ya fara fitar da kai, amma shekarar nan ba mai kwanciyar rai, saboda masu satar mutane. Ko yaro ka aika bakin titi sai ka bi shi da ido. Cikin shekaruna na aikin kula da yara a wata firamare a Tudun Wada, Gusau, wannan Larabar ba ta fita raina.

Ƙa'idar aikina ita ce, idan an tashi ƙarfe ɗaya da rabi, ba yaron da zai fita sai na ga wanda ya zo ɗaukarsa, na sa maki gaban sunansa a rajista. Karatun yaƙi da jahilci na yi, shi ya sa nake bin sunayen a hankali da yatsa. Ranar suna ɗaya ya rage: Firdausi, 'yar aji uku. Ga mahaifinta ya taso daga Bungudu a babur, yana tsaye.

Na tambayi ƙawarta Ummi. Ta ce, "Inna, ai ta yi telifot."

Ni tiransifot na ji, wato an sa ta a mota. Uban ya ce, "Mi ta ce? Wa ya ɗauki ɗiyata?" Hedimasta har ya ciro waya.

Malama Zainab, mai koyar da Turanci, ta ce a dakata. Ta ce kalmar finafinan kimiyya ce: mutum ya ɓace nan, ya bayyana can nan take, ba mota, ba hanya.

Na ce, "Au, naɗe ƙasa, irin na waliyyai?"

Ta ce, "Kusan haka, Inna, amma da na'ura. Ƙirƙira ce, ba a taɓa yi ba."

Sai na tuna mai naɗe ƙasa ma yana da inda yake sauka. Na durƙusa gaban Ummi, na ce, "Uwata, ina ta sauka?"

"Makka."

Ashe wasansu ne, kuma Makka ɗakin ajiyar tabarmi ne da ke gabas. Can muka same ta tana barci, takalmi a hannu. Uban ya zauna a ƙasa yana ta hamdala, ya ce, "Hajiya, sannu da hanya."

Na gane mai tsaron yara sai ya san yarensu, ba sunayensu kawai ba. Washegari da safe na buɗe shafin ƙarshe na rajista, na kira Ummi. Ta faɗa mini Makka, Kano da Duniyar Wata, na rubuta kowanne da inda yake.