Tsokar da mahaucin Batha yake ƙara mini

A shekarun da kuɗin fetur suka cika Riyadh, aikina share ɗakunan karnukan 'yan sanda ne a bayan gari. Idan kare ya tsufa, hancinsa ya daina aiki, abincinsa yakan ragu. Sai masu horar da su suka kafa ɗan asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, don ciyar da tsofaffi huɗu. Ni aka ɗora wa sayen nama, don sun san ko riyal ɗaya ya ɓace ba zan iya barci ba.

Kuɗin ba sa isa. Ran Alhamis nakan je kasuwar Batha wurin wani tsohon mahauci, mutumin Yaman, in sayi ƙashi da huhu. Wata rana ya dubi tarin, ya dube ni.

"Ku nawa ne a ɗakin naku, ɗana?"

"Muna da yawa, baba," na ce. Kunya ce. Ta yaya zan gaya wa dattijo mai tabon sallah a goshi cewa karnuka nake yi wa cefane?

Tun ranar yake ƙara mini tsoka, kyauta. "Kai wa 'yan'uwanka leburori. Ku ci mana, duk kun zama kamar tsinken tsire!"

Akwai wata tsohuwar karya da haƙoranta suka zube, tsokar nan ce kaɗai take iya ci. In na faɗi gaskiya, wataƙila ya daina, ta mutu da yunwa. In na yi shiru, ina karɓar sadakar bawan Allah da ƙarya. Kowane mako nakan shirya maganar a cikin mota da Larabcina na kasuwa, in isa, in karɓi naman in juyo.

Na tambayi wani ɗalibin ilimin addini ɗan ƙasarmu. Ya ce ciyar da duk mai rai lada ne, amma niyyar dattijon ba tawa ba ce da zan karkatar. Ya ce in je in gaya masa gaskiya.

Alhamis ɗin da na ɗaura niyyar faɗa masa, na tarar da shagon a rufe. Maƙwabcinsa ya ce tun Talata aka kai shi maƙabartar Al-Oud.

Tsohuwar karyar ma ba ta kai azumi ba, ta mutu.

Na je maƙabartar. A can ba a rubuta suna a kabari. Na ga sababbi guda uku a jere, ban san nasa ba. Na tsaya a kan kowanne, na faɗi gaskiyar da Hausa, na nemi gafara. Har yau ban sani ba ko yana cikinsu.