Rigunan Misiye Hamadu Guda Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya da almakashi a hannu, yadi iri biyu shimfiɗe a gabana, na rasa wanda zan fara yankawa ba. Tunda kun ce kowane dattijo ya ba yara labari ɗaya daga cikin aikin nan, ni wannan zan bayar, don har yau in na tuna shi sai in ji kaina ya ɗaure.

Abin ya faru ne a shekarun da masu Faransanci ke kira la crise, lokacin da aka zaftare albashi, darajar kuɗinmu na sefa ta karye, kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata. Ina aiki a shagon Alhaji Bobbo, mutumin Garwa, nan cikin unguwar Briqueterie. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, shago irin namu yana da tsari. Maigida shi ke karɓar aiki, shi ke magana da mai kaya. Mai yanka shi ke ɗaukar awo, ya zana da alli, ya yanka. Daga nan sai masu keken ɗinki, sai mai surfani, sai 'yan koyo masu guga da sa maɓalli. Ni ne mai yanka. Kuskuren mai keke ana farke shi a sake ɗinki, amma kuskuren mai yanka ba shi da magani.

A watan Maris, in ruwan farko ya sauka gari ya yi sanyi, unguwanninmu kan yi bikin titi. Kowace ƙungiya ta zaɓi ankonta ta fito a jere: mahautan Etoudi, direbobin tasi, matan kasuwa na unguwar Madagascar, ma'aikatan ofis-ofis. Makon bikin shi ne kakarmu. A wannan shekarar kuwa, ana tsakiyar aiki aka yi wa Alhaji rasuwa a Garwa. Ya ɗauki jakarsa ya ce mini, "Ilu, shago yana hannunka." Ban taɓa karɓar aiki da kaina ba sai wannan karon.

Muna da wani mai kawo ɗinki, Misiye Hamadu, akawu ne a wani kamfanin gwamnati, yana zaune a unguwar Tsinga. Dogo ne sosai, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, saboda haka rigarsa ba ta ɓuya. Kowace shekara mu ke ɗinka masa ankon ofis, riga mai gajeren hannu da aljihu huɗu, da shuɗin yadi mai tambarin kamfanin. Da na hango shi da safe, da taye a wuya da jakar takardu a hammata, na ɗauka aikin da aka saba ne.

Sai ya ja ni gefe, ya fito da farin yadi da jan ƙyalle.

"Malam Ilu, ka san ankon 'yan tsire na bana?"

"Na sani, Misiye. Farar riga zuwa gwiwa, da jan baki a wuya. Wa za a auna?"

"Ni."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Shi bai yi ba.

"Ka ɗinka kawai," in ji shi. "Kuma don Allah kada Madam ta ji."

Na yanka farin a ranar, na ajiye shi ban bai wa mai keke ba, ina ta saƙe-saƙe. Na ce ko caca suka yi a ofis ya faɗi. Na ce ko wasan kwaikwayo za su yi.

Washegari sai ga matarsa, Madam Aishatu, da ƙullin yadi. Ta kwance, sai ga shuɗin yadin kamfani.

"Ankon maigida ne, kamar kullum. Kuna da awonsa."

Na juya yadin. "Madam, wannan ai zanen bara ne."

"Bana ba su buga sabo ba, ka san halin da ake ciki. Ragowar na bara ne na adana." Ta miƙe, har ta kai ƙofa ta juyo. "Kada ka gaya masa. So nake ya gan ta kawai."

To, ga mutum ɗaya, rana ɗaya, titi ɗaya, riguna biyu, kuma kowace da nata "kada a ji". A ƙa'idar aiki, in oda ta rikice, maigida ake tambaya. Maigida kuwa yana Garwa. Sai na rufe almakashi na tafi wurin Baba Sule, shugaban 'yan tsiren layinmu, tunda shi ya zaɓi ankon nasu.

Na same shi yana tsire nama. Na kewaya, na kewaya, sannan na ambaci sunan.

"Hamadu? Ai yarona ne," in ji Baba Sule. "Tun bayan Sallah aka sallame su gaba ɗaya daga kamfanin. Kullum zai zo da tayensa, ya tuɓe a baya ya rataye, ya hau yanka albasa da juya nama. Ba ya fitowa gaban tukuba, kada wani na Tsinga ya gan shi. Hannunsa kuwa ya faɗa, ba ya ƙona mini nama."

"To me ya kai shi shiga jeri, mutumin da ke ɓuya?"

"Dole ce. Hukumar gari za ta sake rabon wuraren bakin titi, kuma mun yi magana da su, wanda aka gani a jerinmu ranar biki shi ne ɗan ƙungiya. Ina so in sama masa tukubarsa. In bai fito ba, ba ni da bakin da zan roƙa masa."

Na dawo ina ganin na gane komai: shi yana ɓoye mata, ita ba ta sani ba. Na yanke shawara in gama farar, shuɗin kuma in yi ta jan ƙafa har biki ya wuce. Ashe ban fara ruɗewa ba tukuna.

Da la'asar Misiye Hamadu ya biyo gwaji. Ni kuma na bar shuɗin yadin a kan tebur. Yana shigowa idonsa ya faɗa kansa. Ya daɗe yana kallon tambarin.

"Wa ya kawo wannan?"

Na ce, "Wani ne... wata ce..."

"Aishatu ce." Ya zauna a kan benci. "Wato har yanzu tana jiran ta gan ni a jerin ofis. Malam Ilu, bar farar nan. Ka ɗinka wannan."

"Misiye, Baba Sule ya ce in ba ka fito ba..."

Ya ɗago da sauri. "Har wurin Baba Sule ka je?" Ya goge fuska da tafin hannu. "Ba komai. Wurin tsire ana samun wani. Ka ɗinka shuɗin. Kuma kada ta san na gani."

Na ce to. Na shimfiɗa shuɗin na yanka, farar kuma na rataye ta a ƙusa, yankakkiya, ba ɗinki.

Ba a daɗe ba Madam ta dawo duba aiki. Ba ta ko kalli shuɗin ba. Kai tsaye ta nufi ƙusa, ta ɗaga farar, ta buɗe ta a iska. Ta dubi tsawon nan, da kafaɗar dama da na rage.

"Ta wane ne wannan?"

"Ta wani mai kaya ce, Madam."

"Malam Ilu," in ji ta, a hankali, "ni ke wanke masa kaya. Ofis ba ya warin hayaƙi da ƙuli. Tun makon farko na sani."

Na ajiye alli. "To, Madam, in kin sani, me ya sa kika kawo shuɗin?"

"In ban kawo ba kamar yadda na saba, ai ya gane na gane. Mutumin da ke ɗaura taye kullum don kada in ji kunya a unguwa, ni zan kwance masa?" Ta share ido da bakin mayafi. "Amma ban san ya yi niyyar fita da su ba. Matar Baba Sule ta gaya mini maganar wuri, ban ɗauka zai iya ba. Tunda har ya kawo yadi da kansa, ka bar nawa, ka gama masa wannan. Kada ka ce na sani."

Na buɗe baki in ce ai shi ma ya soke farar, sai na tuna ya ce kada ta san ya gani. Na rufe bakina. Ta tafi.

Ku lissafa tare da ni. Wanda ya kawo fari ya ce a bar fari a ɗinka shuɗi. Wadda ta kawo shuɗi ta ce a bar shuɗi a ɗinka fari. Shi bai san ta sani ba. Ita ba ta san ya janye ba. Ni kaɗai na san duka, kuma kowa ya ɗaure mini baki. Ga wuta ana ɗaukewa, ga ankon mahauta jibge, masu keke suna tambayata wanne za su hau.

Na tafi ɗakin buga waya na kira wani shago a Garwa, aka nemo mini Alhaji. Layin yana ta ƙara. Na zayyana masa da ƙarfi, mutanen da ke jiran layi suna kallona.

"Jam, jam," in ji Alhaji, wato lafiya lau da Fulatanci. "Ba wahala. Ka yi abin da ya ce."

Ku da kuka san Alhaji Bobbo kun san Hausarsa. Kamar yawancin mutanenmu da suka tashi da Fulatanci, namiji "ya" ne, mace ma "ya" ce.

"Alhaji, wa? Misiye ko Madam?"

"E, shi. Shi ya san gidansa."

"Shi mijin, ko ita matar?"

Layi ya yanke. Na sake bugawa bai shiga ba.

Na dawo ban ƙaru da komai ba. Sai na hau keke da kaina, abin da mai yanka ba ya yi, na ɗinka duka biyun. Ba dabara ba ce, rashin sanin abin yi ne.

Ranar biki gari ya waye da laima, an yi yayyafi. Misiye Hamadu ya zo da wuri, ya sa shuɗiyar a bayan labule, ya duba madubi, ya fita. Jim kaɗan Madam ta iso da yara.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, Madam. Shuɗiyar."

Ta dube ni kamar na mare ta. Na ce, "Shi ya zaɓa." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ta ciro farar daga ƙusa, ta ninke, ta naɗe a jarida ta miƙo mini. "Ka kai masa."

"In ce daga wa?"

"Daga tela."

Na kutsa cikin jama'a. Titi ya cika, ganguna ta ko'ina, matan Madagascar suna wucewa da atamfarsu iri ɗaya. Samunsa bai yi wuya ba saboda tsawonsa. Yana tsaye a bakin kwalbati shi kaɗai. Babu jerin kamfaninsu, babu ko mutum ɗaya mai irin rigarsa a duk titin. Daga can sama kuma an fara jin kalangun 'yan tsire.

Na miƙa masa. Ya buɗe jaridar.

"Ban ce ka bar ta ba?"

"An riga an yanka, Misiye."

Ya ɗaga kai. A tsallaken titi ga Madam tsaye, yara riƙe da zanenta, tana kallonmu ba ta ko ƙiftawa.

"Malam Ilu, ta sani?"

Wallahi ban san amsar da ta dace ba. Na ce, "Misiye, ni dai tela ne."

Kalangu ya matso. Baba Sule yana gaba da jar hula, yana waige-waige. Misiye Hamadu ya dubi farar, ya dubi tsallaken titi. Babu lokacin tuɓewa, babu ma wurin. Sai kawai ya zura ta a kan shuɗiyar. Wuyan rigar ofis ya leƙo ta sama, tambarin kamfani yana nunawa ta cikin farin yadi, aljihunan nan huɗu sun yi tudu. A idon mai yanka, ban taɓa ganin aikina ya yi muni irin na ranar ba. Ya tsallake kwalbati ya shiga jeri, ya fi kowa tsawo, duk Tsinga na kallonsa.

Sai na ji guɗa daga tsallaken titi, doguwa, har ta rufe kalangu. Yaran suka kama tsalle suna "Baba! Baba!" Bai waiwaya ba, amma na ga ya ɗaga kafaɗa ya gyara tafiya.

Ya samu wurinsa, kusa da mahaɗar da ke gangarawa Tsinga. Ya yi shekaru yana tsire a nan kafin su koma arewa. Shi da Madam sun ci gaba da kawo ɗinki, wani lokaci tare, kuma ko sau ɗaya babu wanda ya tayar mini da maganar. Ban san me suka ce wa juna a gida ba. Ban ma sani ba ko sun taɓa cewa komai. Da Alhaji ya dawo na tambaye shi wa yake nufi a waya. Ya ce shi bai ji rabin abin da na faɗa ba, ya ɗauka maganar mahauta nake yi.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne wannan. Za a koya muku awon kafaɗa da ƙirji da tsawo, kuma za ku iya. Amma mai kaya yakan shigo da abin da tef ba ya aunawa, musamman in zamani ya yi tsanani. Wani rigar da ya ce a ɗinka ba ita yake so ba, ita ce wadda yake ganin za ta rufa wa wani asiri. In kun gane, ku yi shiru. In ba ku gane ba, nan ma ku yi shiru, ku gama aikin mutane da kyau, ku miƙa a kan lokaci. Sauran ba a shago ake ɗinka shi ba.