Majen da Bai Taɓa Cewa Ya Gaji Ba

Kakarmu Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. A ƙauyenmu da ke bayan Bwari, da an ci tuwo sai ta jawo faifai cike da ƙaron maje kusa da murhu, mu zauna muna tsince ɓawo da ƙasa daga ciki. Ita ke kula da itatuwan majen da kakanninmu suka bari a bakin kurmi. Takan sare ɗan kogo a jikin itace, ta kunna wuta kaɗan a ciki don ƙaro ya tsatso, sannan ta shafe wurin da laka, ta ƙyale itacen ya huta sai baɗi. Mata na saye su turara ɗaki da tufafi.

Takan ce, "Ga ta nan, amma wanda hannunsa ba ya cikin faifai ya toshe kunne."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta matar da ta sami maje mai magana. Duk ranar da ta zo da wuta sai ta tambaye shi, "Ka gaji?" Shi kuwa sarkin kunya sai ya ce, "Haba, ɗebi." Ta gaya wa maƙwabta, su ma suka zo da tasu wutar. Ganyensa kore shar, ƙamshinsa har garin gaba, cikinsa kuwa duk ya zama gawayi. Ran nan iska kaɗan ta taso, ya kife.

Na ce, "Iya, matar nan muguwa ce."

"Ke tafi can, uwar shari'a. Ba ta tambaye shi ba? Ƙurunƙus, a ɗauke faifai."

Na daɗe ina jin haushin wannan amsa. Yau ɗinki nake yi a Gwarinpa, ni ce babba a gidanmu, kowa da lalurarsa wurina yake sauka. Likita ya ce jinina ya hau sosai, in rufe shago in kwanta kafin ya kayar da ni. Sai yanzu na gane Iya. Dangina ba mugaye ba ne, suna tambaya. Na gaji, wallahi na gaji, amma bakina bai iya faɗa ba.

Jiya ƙanena Sani ya kira. An yi hutun makaranta, yana so ya kawo mini yaransa. Tun safe na shirya abin da zan ce masa.

"Yaya, in dai ba takura. Jikin naki lafiya dai ko?"

Na dubi magungunan da ke kan keken ɗinkina.

Na ce, "Lafiya lau. Ka kawo su ranar Asabar."