Ranar Haihuwar Kaka

Kowa ya ce laifin wayar ne. Yayana ya ce rezo ne, wato layin sadarwa, malamar asibiti ta ce tsufa ne ya kama wayar. Duk ba su gane ba. Laifina ne, kuma bai wuce alama ɗaya ba.

Bayan na gama sakandare na koyi rubuta manhaja ni kaɗai, a tsakar gidanmu a unguwar Chagoua, daga bidiyoyin Faransanci. Babu wanda zan tambaya. In na fara bayani sai a ce in je in duba tukunya. Wata shida na yi ina haɗa wa ƙaramin asibitin unguwarmu manhajar tuna wa masu hawan jini ranar dawowa. Malamar ta ce in ta yi aiki za ta ajiye littafinta.

A yaren kwamfutar da nake rubutu da shi, duk bayanin da zai yiwu babu shi, kamar ƙunshi yake zuwa. Ko ka duba a hankali ko akwai abu a ciki, ko ka sa alamar motsin rai, wato ka rantse akwai, a buɗe kawai. In ka rantse aka tarar wayam, manhajar ta mutu nan take. Ni ba ni da haƙuri. A gurbin ranar haihuwa na rantse. Wa zai rasa ranar haihuwa?

Kakata na kai ranar gwaji. Malamar ta tambaye ta ranar haihuwarta.

"Mafi," in ji Kaka da Larabci, babu ke nan. Ta juyo gare ni. "Ke sarkin sani, rubuta: a hanyar Makka, shekarar da raƙumin babana ya mutu muka tsaya nan."

Malamar ta tsallake gurbin, ta danna. Manhajar ta rufe. Sau uku. Ta miƙo mini wayar, ta jawo littafinta.

A hanya Kaka tana ta dariya, wai ta fi ƙarfin na'ura. Na san daidai layin rubutun da ya kashe ni, amma duk gidan babu mai jin wannan magana.

Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya da matar nan, ban taɓa tambayarta yaushe aka haife ta ba.

Na yanke shawara zan bi rubutun layi-layi in cire duk rantsuwar da na yi. Kafin nan zan je in zauna a bencin asibitin mako guda, in ji me kuma tsofaffin ba su da shi. Sannan in roƙi malamar ta sake gwadawa.